Waƙar da Ta Tsaya a Danja

Ba keken ne ba shi da birki ba. Keken lafiyarsa ƙalau, birkinsa biyu, gaba da baya, kuma duka suna kamawa. Bakin mai keken ne idan ya fara zuba ba ya tsayawa, shi ya sa 'yan layinsu suka raɗa masa Ba-Birki. Sunan ya bi shi wurin aiki, ya bi shi coci, har matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Aikinsa kai kaya ne a wata maɗaba'a. Kullum da safe sai ya ɗaure katunan gayyata da kalandu da takardun talla a bayan keke, ya bi gari yana rabawa. Ranar Lahadi kuwa yana cikin ƙungiyar mawaƙan cocinsu, a layin baya, can ƙarshen benci kusa da taga. Shekararsa goma sha ɗaya a wannan wuri. A faɗarsa, an ajiye shi a baya ne don kada muryarsa ta danne ta sauran. A faɗar sauran kuwa, an ajiye shi kusa da taga ne don rabin muryar ta riƙa fita waje.

Amma a yi masa adalci, mutumin nan yana son waƙa har cikin ransa. In aka ɗauki waƙar da ta taɓa shi, sai ka ga idonsa ya kawo ruwa. Kuma duk shekarun nan abu ɗaya yake kallo, wato 'yar siririyar sandar da ke hannun Baba, tsohon da ke jagorantar mawaƙan.

To, wata Laraba da yamma ana cikin koyon waƙa sai Fasto ya shigo ya ce a saurara.

"Kun san Baba ya shekara talatin yana riƙe da sandar nan," in ji Fasto. "Ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ya ce zai huta. Ba wannan Lahadin ba, ta sama, za mu yi masa sallama, kuma waƙar da ya rubuta ta ƙarshe za a rera. Wanda ya jagorance ta ranar, in ta yi kyau, sandar ta zama tasa. Wa zai ɗauka?"

Kowa ya sunkuyar da kai yana duban littafinsa. Da suka ɗago, Ba-Birki ya riga ya tsallake benci uku yana tsaye a gaba.

"Ranka ya daɗe, ai magana ta ƙare," ya ce. "Dama ni jira nake a tambaya."

Matarsa, malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata, tana layin gaba cikin masu siririyar murya. Ta rufe fuska da littafin waƙa.

Fasto ya waiwaya hagu da dama ko wani zai ceci rai. Ba wanda ya motsa. Baba ya miƙo sandar da takardar waƙar, ya ce, "Ɗana, baiti huɗu ce kawai. A hankali take tafiya, daga farko har ƙarshe bugu ɗaya ne, ba sauri ba jinkiri."

"Baba, bugu kake faɗa wa mutumin da ya shekara ashirin yana taka feda? Ni agogo ma da ƙafata ake saita shi."

Washegari kafin ya tafi aiki ya tsaya wurin Mai Faci, maƙwabcinsa da ke gyaran taya a bakin layi, wai a ƙara masa iska. Tayar cike take tam. Labari ne ya cika masa ciki.

"Maƙwabci, daga yau ka san da wanda kake magana. Shugaban mawaƙa."

"Wane tsautsayi ne ya faɗa wa mawaƙan?" in ji Mai Faci, bai ko ɗago daga robar da yake gogewa ba.

"Roƙona aka yi. Fasto har da riƙe mini hannu."

"Riƙe ka ya yi don ka karɓa, ko don kada ka karɓa?"

"Kai dai ba ka san waƙa ba. Ranar nan sai an yi kuka a cocinmu."

"Wannan kam na yarda," in ji Mai Faci.

Matsalar ɗaya ce, lokaci. Daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma Ba-Birki yana kan sirdi. Malama ta ba shi shawara ya riƙa biyawa wurin mai fiyano in ya tashi aiki, su zauna su bi waƙar layi layi.

"Mai fiyano?" ya ce. "Shi yatsu kawai gare shi. Ni a kan keke zan koye ta. Feda ɗaya, bugu ɗaya. Akwai malamin da ya fi wannan?"

Sai ya ɗaure takardar da roba a kan keken, daidai inda idonsa zai riƙa gani. Aka kuwa yi dace, ko kuma a ce rashin dace, tsawon waƙar ya zo daidai da tsawon hanyarsa daga gida zuwa maɗaba'a. Baiti na ɗaya yakan faɗo a miƙaƙƙen titin da ya fito daga unguwa, sumul, ba gargada. Na biyu yakan fara ne a ƙofar wata makarantar firamare, inda aka yi tudun rage gudu har guda uku a jere. Na uku yakan kama shi yana hawan tudun kasuwa, yana nishi yana jan kowace kalma, kuma kafin ya ƙarasa layin ƙarshe sai ya iso danjar da ke saman tudun, wadda ba ta taɓa yi masa kore ba tun da aka kafa ta. Nan yakan sa ƙafa a ƙasa ya yi shiru minti guda. Da an sake su sai gangara, baiti na huɗu ya tafi a guje, har zuwa wani rami da ke gindin tudun, wanda dole sai ya goce masa kafin ya ce Amin.

Safe ɗaya, safe biyu, safe uku, waƙa ta zauna daram. Sai ya ce saura hannu.

Ranar farko da hannu ɗaya ya gwada. Ya zaro sandar daga aljihu yana kaɗa ta sama da ƙasa, hagu da dama. Motar da ke bayansa ta ɗauka hagu zai yi, ta kauce dama, sai ga sanda ta koma dama. Direban ya leƙo ya ce, "Malam, ka zaɓi ɗaya mana! Hanyar ta gidanku ce?"

"Ka bi bugu kawai!" in ji Ba-Birki.

Rana ta biyu ya saki kan keken gaba ɗaya, wai shugaban ƙwarai da hannu biyu yake aiki. A wata mararraba ya ɗaga hannun hagu don masu kaurin murya su shigo, sai motocin hagu suka taho. Ya ɗaga sanda don masu siririyar murya, na dama ma suka taho. Nan take mararraba ta cushe, ham ta ko'ina. Mai ba da hannun da ke wurin ya ratso da gudu ya kama kan keken.

"Kai wa ya ɗauke ka aiki a nan?"

"Yallaɓai, waƙa nake jagoranta."

"Ina mawaƙan?"

"Suna cikin kaina."

"To ka kwashe su ku bar mini titi, kafin in kai ku ofis ku duka."

Rana ta uku baro ya tarar, cike da lemo, a daidai inda yake ɗaga hannu biyu sama don babbar kalmar baiti na huɗu. Lemo ya bi gangara yana tsalle, katunan gayyatar wani biki da suka kwana a wurinsa suka bi iska. Ya shafe rabin awa a durƙushe yana tsince-tsince, mai lemon na tsaye a kansa yana jera masa sunayen da ba a faɗa a coci. Da ya turo keken wurin Mai Faci da lanƙwasasshiyar taya, cewa ya yi mai baron ne ba ya jin waƙa.

"Gari duka ba mai jin waƙa sai kai," in ji Mai Faci. "Kawo tayar."

Laraba ta zagayo. Mawaƙa suka jeru, mai fiyano ya zauna, Baba ya ja kujera gefe ya jingina. Ba-Birki ya tsaya a gaba, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga sanda. Sai ya ji kansa wayam. Ko kalmar farko ta ƙi zuwa. Ya yi tari, ya sake ɗaga sanda, shiru. Can ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta, ta hagu ta bi, sai ga waƙa ta dawo. Haka ya ci gaba, yana ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya a wuri guda kamar mai taka laka.

Baiti na ɗaya ya tafi lafiya. A na biyu ya zabura sau uku, mawaƙa suka zabura tare da shi. A na uku ya ja su har wata dattijuwa ta dafe ƙirji ta zauna. Sannan a tsakiyar layi ya tsaya cak, sanda a sama, ido a gaba. Mai fiyano ya duba takarda, ya juya bayanta ko akwai abin da bai gani ba.

"Ɗana," in ji Baba, "me muke jira?"

"Salo ne, Baba. Shiru ma waƙa ne."

"Ni na rubuta ta. Ban tuna na sa shiru na minti guda ba."

"Ai shi ya sa ake son sabon jini. Ku dai ku kalli hannuna."

A layin masu kaurin murya akwai wani direban tasi, ƙato mai yawan shiru, Direba ake ce masa. Ya daɗe yana sosa ƙeya. Ya ce, "Ni fa waƙar nan kamar na san ta daga wani wuri."

"Ka ji ko?" in ji Ba-Birki. "Har ta fara shiga jini."

A gida Malama ta ajiye masa shayi, ta zauna ta fuskance shi.

"Maigida, in faɗa maka gaskiya?"

"In dai yabo ne, a taƙaita."

"Ba waƙa ka koya ba, hanya ka koya. Zaburar nan uku, tudun ƙofar makarantarmu ne, kullum ina ganin ka ta tagar aji. Ka je ka mayar wa Baba sandarsa tun da sauran mutunci, ko ka zauna mu bi ta tare. Waƙarsa ta ƙarshe ce fa. Tsohon nan ya fi wata shida yana gyara ta."

Ba-Birki ya kurɓi shayi. Maganar ta shige shi, don ya san gaskiya ce. Amma shi irin mutanen nan ne da in ka nuna musu ƙofa sai su yaba maka, sannan su fita ta taga.

"Malama, kin yi tunani," ya ce. "Kin gano ciwon. Maganin kuwa sai ki bar wa likita."

Da safe ya ja Mai Faci gefe ya rage murya.

"Matsalar ita ce in ina tsaye a ƙasa waƙar ba ta zuwa, in kuma ina kan titi, titin ne ke ba da bugu. To, in aka kafe keken wuri ɗaya fa? Tayar baya a sama, tana juyawa a iska. Ba tudu, ba gangara, ba danja. Feda ɗaya, bugu ɗaya. Ka haɗa mini jak mai ƙarfi da zai ɗaga tayar."

Mai Faci ya ajiye famfo. "A ina za ka kafe shi?"

"A gaban coci mana. Daga ciki."

"Fastonku ya sani?"

"Zai gani."

"Matarka fa?"

"Ita ma za ta gani."

"Zan haɗa maka," in ji Mai Faci, "amma ka ji da kyau. Jak na zama ne. Ka zauna tsaf, kada ka miƙe, kada ka karkata. In ka karkata, ba ruwana."

"Mutumin da ya shekara ashirin..."

"Na sani, na sani. Kawo keken."

A koyon waƙa na ƙarshe Ba-Birki bai ko ɗaga sanda ba. Cewa ya yi kowa ya je ya huta da muryarsa, akwai abin mamaki ranar Lahadi. Malama ta dube shi, ta rufe littafinta.

Ranar Lahadi tun mai shara bai gama ba ya iso. Ya shigo da keken ta ƙofar gefe, ya kafe shi a kan jak a gaba, daidai bakin hanyar da ta ratsa tsakiyar benci ta miƙe har babbar ƙofa. Shugaban mawaƙa mawaƙa yake fuskanta, kowa ya san haka. Amma Ba-Birki ya ga bai kamata jama'a su wuni suna kallon ƙeyar sabon shugaba ba, don haka ya juya keken ya fuskanci jama'a, mawaƙa su ga hannunsa ta baya. Sannan ya jawo dogayen kujeru biyu, ya zagaye su da labule, ya rufe keken ruf. In ya hau, daga ƙirji zuwa sama kawai ake gani.

Fasto ya zo ya tsaya yana kallo. "Wannan fa?"

"Sabon mumbarin shugaban mawaƙa ne, ranka ya daɗe."

Malama ta shigo cikin layin mawaƙa, ta kalli mumbarin, ta sake kallo. Ta matso ta ce a hankali, "Ba-Birki, wannan ba labulen falona ba ne?"

"Yau ya samu ɗaukaka. Je ki zauna."

Coci ya cika maƙil, har da waɗanda Baba ya koyar tun suna yara, sun zo daga nesa da iyalansu. Aka yi addu'a, aka yi wa'azi, aka zaunar da Baba a kujerar gaba. Fasto ya ce yanzu za a ji waƙar. Ba-Birki ya shige bayan labule, sai aka ga ya ƙara tsawo. Ya ɗaga sanda, ya taka feda.

"Da safe ka tashe ni, da rana ka tsare ni," mawaƙa suka ɗauka, "da yamma ka mai da ni gida."

Abin mamaki, ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. Bugu ɗaya, a natse, muryoyi huɗu suka haɗu suka cika ɗakin. Akwai wani ɗan ƙiiƙ ƙiiƙ da ke fitowa daga bayan labule, amma mutane suka ɗauka fanka ce. Baba ya gyaɗa kai. Ba-Birki ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Shekara goma sha ɗaya yana jiran wannan lokaci, ga shi ya zo, kuma ya fi yadda ya zata daɗi. Hawaye suka cika masa ido, sai ya lumshe su.

Nan aka samu matsala. Yana rufe ido sai ga titi a gabansa.

Baiti na biyu na farawa ya hango ƙofar makaranta. Ya ɗaga daga kan sirdi, ya dawo, ya ɗaga, ya dawo, ya ɗaga, ya dawo. Mawaƙa arba'in suka yi shaƙuwa sau uku a tare. Jak ya yi ƙara, amma ya riƙe.

Sai tudu. Babu wani tudu a cikin cocin, amma ƙafafun Ba-Birki ba su san haka ba. Ya sunkuya, ya ciji leɓe, zufa ta karyo masa. Sanda ta riƙa tashi da ƙyar tana sauka da ƙyar. Kalma ɗaya sai ta cinye numfashi biyu. Masu siririyar murya suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, mai fiyano ya danne maɓalli ɗaya yana jiran ranar da za a sake shi.

Direba ya daina waƙa, ya buɗe baki. Ya manta makirufo na gabansa.

"Wallahi tudun kasuwa ne!" Muryarsa ta fito ta kowace lasifika. "Na ce na san ta! Ga tudun makaranta uku mun wuce. Jama'a, ku shirya, danja na nan tafe!"

Bai rufe baki ba Ba-Birki ya tsaya cak. Aka ji ƙafa ta sauka a ƙasa, tim. Sanda a sama, ido a rufe, fuska irin ta mai haƙuri da hukuma.

Shiru. Daƙiƙa goma. Ashirin. Wani ya yi tari. Kafaɗun mutanen bencin gaba suka fara rawa. Fasto ya ɗaga littafi ya kare bakinsa. Can wata tsohuwa daga baya ta tambaya da iyakar gaskiyarta, "Har yanzu ja ce?"

"Saura kaɗan, Mama," in ji Direba yana duban agogo. "Na san ta, minti guda take yi. Uku, biyu, ɗaya. Malam, an sake mu!"

Aka kuwa sake su. Ba-Birki ya danna feda, baiti na huɗu ya zubo gangara. Mawaƙa suka bi shi a guje suna haɗiye rabin kalmomi, yatsun mai fiyano suna tuntuɓe da juna. Tayar baya ta riƙa kuka a iska. Gefen labule ya leƙa cikin sarƙa, sarƙa ta ce bismilla, ta fizge shi gaba ɗaya. Kujeru biyu suka kife. Sai ga shugaban mawaƙa a fili, cikin kwat da taye, ƙafar wando a cuse cikin safa, yana tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina.

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta fashe. Shi bai ji ba, yana can gindin tudu.

"Rami!" Direba ya yi ihu. "Akwai rami a ƙasa!"

Ba-Birki ya karkata hagu ya goce wa ramin. Jak ya ce iyakata ke nan. Tayar baya ta dira a siminti tana tsakiyar gudu, keke ya yi tsalle ya miƙi hanyar tsakiyar benci. Sai a lokacin ya buɗe ido. Ya kai hannu birki, ashe labule ya nannaɗe birkin. Ɗaya hannun na riƙe da sanda, kuma ko a wannan hali bai yarda ya sake ta ba. Abin da ya rage masa ƙararrawa ce, ya kuwa kaɗa ta da babban yatsa.

"Hanya! Hanya! A ba da hanya!"

Mata suka janye ƙafafu, maza suka ɗauke jakunkuna. Dattijon da ke tsaron ƙofa, mutum mai ladabi, ya ga abin da ke tahowa, sai ya buɗe ƙofar duka biyu ya koma gefe. Ba-Birki ya fice da labule yana bin sa a baya, ya sauka matakala huɗu ba tare da ya taɓa uku ba, ya ƙare a cikin furannin da ke bakin katanga.

A cikin coci dariya ake ta yi, har da masu riƙe ciki. Direba ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Malama ma ta fara dariyar, sai idonta ya faɗa kan Baba. Tsohon bai yi fushi ba, murmushi ma yake yi, amma ya ninke takardar waƙarsa yana mayar da ita aljihu a hankali. Abin ya soke ta. Ba ta san lokacin da ta fito gaba ba. Ta juya ta fuskanci mawaƙa, ta ɗaga hannu ba sanda ba komai, ta ce wa mai fiyano, "Daga farko."

Ba-Birki yana kwance cikin furanni, ƙafa ɗaya a cikin taya, yana shirya bayanin da zai yi. Laifin jak ne. Laifin siminti ne, an cika goge shi. Sai ya ji waƙar ta fito ta ƙofa. Ya saurara. Baiti na biyu ya wuce sumul, ba zabura. Na uku ya tafi a natse, kuma layin da kullum yake yankewa a danja ya ji shi yau a haɗe, karo na farko, ya gane ashe magana ɗaya ce mai ma'ana. Jama'a duka suka shiga baiti na huɗu. Ya kwanta nan har Amin, yana jin kunya da daɗi a lokaci guda.

Ya shigo yana ɗingishi, ganye a gashinsa. Hanyar da ya bi a daƙiƙa uku ta zama doguwa. Da ya iso gaba ya buɗe baki, "Jama'a, abin da ya faru shi ne, jak ɗin..."

Baba ya ɗaga hannu. "Ɗana, zo nan. Baitin farko da ka yi, haka na ji shi a raina ranar da na rubuta shi. Na gode. Sauran ukun kuwa, rabona da zaga gari haka tun idona na gani." Aka sake kwashewa da dariya. Baba ya jira ta lafa, ya ce, "Sandar fa, ka san hannun da ya kamata ta shiga."

Ba-Birki ya dubi sandar. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, shi ne ya sha ƙwarzanen. Ya goge ta da gefen kwat, ya miƙa wa matarsa da hannu biyu. Fasto ya ce Amin, coci ya amsa.

Da aka tashi suka kama hanyar gida a ƙasa, yana tura keke, ita tana rungume da abin da ya saura na labule. Suka yi nisa da coci. Can ya yi gyaran murya.

"Malama. Shugaba. Wurin nan nawa na kusa da taga... yana nan?"

Ta dube shi. Ba ta taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

"Yana nan, in ka iya baiti huɗu da ƙafarka a ƙasa. Taka a hankali. Taku ɗaya, bugu ɗaya. Ɗauka."

Ya ɗauka. In ya fara sauri sai ta ƙwanƙwasa sirdi da sanda, ya dawo. Haka suka shigo layinsu, mutane na leƙowa.

Mai Faci na zaune a bencinsa, tun safe yake jiran labari. Ya miƙe ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, shugaban mawaƙa! Yaya aka ƙare? An yi kukan? Ina jak ɗina, ina sanda, me ya sa kake tafiya a ƙasa?"

Ba-Birki ya tsaya. Ya cika ƙirji da iska, labari ya taso masa har maƙogwaro, da farkonsa da ƙarshensa da waɗanda za a ɗora wa laifi. Malama tana tsaye tana jira.

"Sanda na hannun mai ita," ya ce. "Ka yi haƙuri, maƙwabci, ba zan tsaya ba. Waƙa nake koyo."

Ya juya ga matarsa. "Daga ina?"

"Daga farko," ta ce.